Matambayi Ba Ya Ɓata: 'Yar kwamfutar nan Raspberry Pi za ta haƙo min Bitcoin a ƙauye?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, maganar mainin ce, wato haƙar kuɗin intanet irin Bitcoin, da 'yar kwamfutar nan da ake ce wa Raspberry Pi, da alama dai zancen ne ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp tun daga Ringim har su Ɗambatta. Na ɗauki guda biyar. Ta farkon zan fi daɗewa a kanta, don in aka gane lissafinta sauran za su zo da sauƙi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni inada shagon cajin waya a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, faifan sola biyu gareni da batir ɗaya, ina cajin waya naira 100. To wani abokina dake zuwa Kano ya nuna min hoton wata 'yar kwamfuta girmanta kamar katin ATM, yace bata cin wuta ko kaɗan cajar waya ma tana tada ita, in ka jona mata wani abu mai kama da filas sai ta dinga haƙo maka Bitcoin dare da rana kana barci. Yace da ita da filas ɗin da sauran tarkacen zasu kai dubu 350. Inada kuɗin da na tara zan ƙaro batir shine nace bari in tambaya kafin in tura. Dan Allah a bani shawara tsakani da Allah.
Daga mai cajin waya, Ringim

Amsa: Ƙanena na ji daɗi da ka tambaya kafin kuɗin su bar hannunka, kuma tsakani da Allah ka nema to ga ta: je ka sayi batirinka. Amma ba zan bar ka haka ba, zan baje maka lissafin ka gani da idonka, har ka iya yi wa abokin naka bayani.

Abokinka bai yi ƙarya ba a rabin maganarsa. Raspberry Pi kwamfuta ce ta gaske, wata gidauniya a garin Kambirij na Ingila ta fitar da ita a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja a kan kuɗi kaɗan, kuma gaskiya ba ta shan wuta, samfurin Pi 4 da ya fito a 2019 in yana zaune ba ya wani aiki wat 3 zuwa 4 yake ci, in ya ɗau zafin aiki ya kai wajen 7. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin ba ita ke haƙar ba. Ka tuna injin niƙan garinku, akwai yaron da ke zuba hatsi yana karɓar kuɗi yana tara gari a ƙwarya, akwai kuma injin da ke shan mai yana ƙara. Pi ita ce yaron. Aikinta ta karɓo aiki daga intanet ta miƙa wa na'urar haƙa, in an gama ta mayar da sakamako. Wannan abin mai kama da filas shi ne injin, a cikinsa akwai wani ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira ASIC wanda ba ya iya komai a duniya sai lissafin Bitcoin kaɗai. Duk wanda ya ce maka harkar ba ta cin wuta saboda Pi ba ta cin wuta, kamar ya ce maka niƙa ba ya cin kuɗi ne saboda yaron ƙosai biyu ke isarsa.

Ita kalmar haƙa ma tana ruɗa mutane, sai a zata wani rami ne ake tonawa a hankali kowa ya samu rabonsa daidai guminsa. A'a, gasar canka ce. Tun da Bitcoin ya fara a Janairun 2009 tsarinsa shi ne kusan duk minti 10 ana ƙara sabon shafi ɗaya a kundin ciniki, na'urorin duniya kaf suna ta cankar wata lamba, wadda ta fara dacewa ita ke rufe shafin ta karɓi lada. Ladan nan yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu, a Afrilun 2024 ya sauko daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Shafi 144 ne a rana, ka ga ke nan sabon Bitcoin da duk duniya ke rabawa a rana wajen 450 ne, ko an ƙara na'urori ko ba a ƙara ba adadin bai canzawa, don duk bayan shafi 2,016 wato kamar sati biyu tsarin da kansa yake ƙara wa cankar wuya in ya ga masu haƙa sun yi yawa. Ka riƙe wannan da kyau, tuwon ɗaya ne, hannuwa ne ke ƙaruwa.

Yanzu ga naka hannun. Mai kyau a cikin irin waɗannan na'urori na filas, kamar Compac F na kamfanin GekkoScience, yana canka wajen biliyan 300 a daƙiƙa ɗaya. Da jin wannan sai ka ce kai, ai an gama. To amma a 2025 ƙarfin masu haƙa na duniya in an haɗa ya kai ninkin wannan sau biliyan uku da ɗoriya. Raba Bitcoin 450 ɗin nan gida biliyan uku da ɗoriya a ba ka kashi ɗaya, abin da zai zo hannunka satoshi 13 ne zuwa 14 a rana, shi kuwa satoshi sai ka tara miliyan 100 kafin su zama Bitcoin ɗaya. Mu ƙaddara Bitcoin na kan dala 100,000, farashin da ya fara takawa a Disambar 2024, dala kuma a naira 1,500 don lissafi ya yi sauƙi. Satoshi 13 da rabi ya kama naira 20. Ashirin fa, a wuni da kwana. A wata naira 600, ko litar fetur ɗaya ba za ta saya maka ba.

Wutar kuma fa? Filas ɗin kansa in ka buɗe masa wuta zai ci wat 10 zuwa 15, ga Pi, ga fanka da dole sai ka sa masa, ga abin da ke ba ka intanet, a ce wat 25 gaba ɗaya. Awa 24 ke nan wat-awa 600. A shagonka wayar da batirinta ya mutu murus ba ta wuce wat-awa 20 ta cika, wato wutar da za ka ƙona ka samu naira 20 ita ce za ta caja waya wajen 30, a farashinka na naira 100 kai ka san nawa ke nan. Na san za ka ce ai ba kullum ake samun wayoyi haka ba, akwai wutar da ke zubewa a banza da tsakar rana in batir ya cika. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu tallan abin suke da ita. To mu ɗauka wutar kyauta ce ɗungurungum, ko sisi ba ka biya ba. Raba 350,000 da 20, kwana 17,500 ne, kusan shekara 48 kafin uwar kuɗi ta dawo, alhali kafin nan ladan ya sake rabewa sau da yawa, na gaba ana sa ransa a 2028. Kuma da dare ba rana, batirin nan naka guda ɗaya shi zai ɗauki nauyin, ka wayi gari ya yi sanyi kwastoman asuba sun zo ba wuta, batirin kuma yana tsufa da wuri saboda ana tatse shi kullum.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa wa mutane. Mai ƙaramar na'ura ba ya haƙa shi kaɗai, gayya yake shiga, wato wani dandali da dubban mutane ke haɗa ƙarfi in an ci a raba, irin su F2Pool da Antpool da Braiins. Da yawansu ba sa tura maka kuɗi sai abin da ka tara ya kai wani ƙa'ida, misali 0.001 na Bitcoin wato satoshi 100,000. A satoshi 13 da rabi kullum shekara 20 ke nan kana kallon lamba a allo ba ka taɓa ta ba. Akwai masu biyan ƙananan kuɗi ta hanyar Lightning, wani tsarin tura ƙananan kuɗin Bitcoin cikin sauri, amma dai naira 20 ɗin ce ba ta ƙaru ba.

Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a nan, ƙanena. Batir na biyu zai sa ka yi caji har dare ranar kasuwa, in Allah ya hore gaba ka sa ɗan firji na sola ka haɗa da ruwan sanyi da zoɓo a watannin bazara.

Tambaya: Salam Malam. A madadin mahaifiyarmu nake rubutowa daga wajen Gumel. Yayanmu ne ya matsa a sayar da riɗin da aka samu bana da awakinta guda uku, wai zai sayo wata na'ura Antminer S9 ta hannu da wannan Raspberry ɗin ya ajiye a ɗaki tana kawo dala. Inna bata son ta hana shi tace kar ta tare masa arziki, amma hankalinta bai kwanta ba. Me zamu ce masa?
Daga 'yar'uwarku, Gumel

Amsa: 'Yar'uwa ki gaida min Inna da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, ki ce mata rashin kwanciyar hankalin nan nata yana kan hanya kuma ba tare arziki take yi ba.

Da farko S9 ba ta ma buƙatar Raspberry Pi, tana da nata ƙwaƙwalwar a jiki, waya kawai ake jona mata ta intanet. In mai sayarwa ya ce sai an haɗa da Pi to ko bai san kayan ba ko yana son ƙarin ciniki. Na biyu na'ura ce ta 2016, kamfanin Bitmain na Chaina ya yi ta, a zamaninta ita ce sarauniya amma yanzu manyan masu haƙa sun daɗe da sauke ta shi ya sa take yawo da araha. Tana cin wajen wat 1,350, ki ɗauka dutsen guga ne na lantarki aka jona aka bar shi ba kashewa dare da rana, zafin da take fitarwa ma kusan haka ne, ga ƙarar fankokinta wadda ba mai iya barci a ɗakin da take, maƙwabta ma sai sun ji. A rana tana shanye yunit 32 na wuta. Masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 sama da naira 200 suke biyan yunit, kin ga sama da 6,400 ke nan kullum, ko a ce a naira 60 ake ba ku yunit ɗin ya haura 1,900. Abin da za ta haƙo kuwa da lissafin da na yi a sama wajen satoshi 600 ne, kamar naira 900, shi ma sai in wuta ba ta ɗauke ba ko na minti ɗaya. In da sola zai yi, yana buƙatar faifai masu wat 300 sama da ashirin da tarin batura, kuɗin da ya ninka riɗin da awakin sau da yawa. Janareta kam kada ma a kawo zancensa.

Yayanku zai ce to me ya sa wasu ke samu? Suna samu mana, amma duba su waye. Kamfanoni ne masu dubban sababbin na'urori, irin S21 da ke yin aikin S9 kusan goma sha biyar da wutar da ba ta kai ta guda uku ba, kuma suna bin inda wuta ta fi araha a duniya su kafa. Da Chaina ta hana haƙa a 2021 da yawa Amurka suka koma musamman jihar Texas, wasu Kazakistan. A nan Afirka ma akwai su a Habasha saboda wutar madatsun ruwansu, akwai kamfanin Gridless da ke amfani da rarar wutar ƙananan tashoshi a Kenya da Malawi da Zambiya. Sirrin duk ɗaya ne, wutar da ba mai saya. Mu kuwa a nan wutar ce abin nema.

Kada ku yi masa faɗa ko ku mayar da shi abin dariya a gida, yaron da ke tunanin irin wannan yana da kai kuma neman na kansa yake. Ku ba shi wannan shafin ya karanta, ya ɗauki biro ya sake lissafin da farashin ranar, in ya ga na yi kuskure ya rubuto min. In sha'awar na'ura ce ke damunsa, haɗa sola da gyaranta sana'a ce da ake nema a kowane gari yanzu, daga masallatai har masu rijiyar burtsatse da masu noman rani. Awakin Inna dai a bar mata abinta.

Tambaya: Malam ni tun 2021 nake mainin ɗin Pi a wayata. Naji ance akwai na'urar Pi, in na saya zata ƙara min gudun mainin?
Daga ɗan mainin, Bichi

Amsa: Ɗan'uwa suna ne kawai ya zo ɗaya, ba dangin iya ba na baba. Pi Network manhaja ce da wasu da suka yi karatu a jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙaddamar a Maris 2019, ta buɗe wa kasuwa a 20 ga Fabrairun 2025. Raspberry Pi kuwa kwamfuta ce daga Ingila da ta girme ta da shekara bakwai. Danna maɓallin da kake yi duk awa 24 ba lissafi wayarka ke yi ba, masu manhajar ne ke rubuta maka maki bisa tsarinsu, haka ma su Notcoin da ta fashe, wato ta shiga kasuwa, a Mayun 2024 da Hamster Kombat da ta biyo baya a Satumba kowa ya ga yadda ta kaya. Ba wata na'urar haƙa da za ka saya ta ƙara maka gudun dannawa, duk wanda ya tallata maka "injin Pi" ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Wani a guruf ɗinmu yace ba sai mun sayi na'ura ba, shi yana da su a ƙasar waje, mu biya hayar dubu 50 kullum a turo mana dubu 2. Kuma shin gwamnati ta yarda da harkar?
Daga manomi, Kura

Amsa: Malam ka dubi lambobin da ke sama, na'ura sukutum ta S9 naira 900 take kawowa kafin a cire kuɗin wuta. Wanda zai ba ka 2,000 kullum a kan 50,000, wato uwar kuɗi ta dawo cikin kwana 25, ba daga haƙa yake biyanka ba, daga kuɗin wanda ya shigo bayanka ne, ranar da sababbi suka daina shigowa shafinsu na intanet ya rufe. An gani a MMM a ƙarshen 2016, an sake gani a CBEX a Afrilun 2025, mutane nawa suka yi kuka. Kuɗin takinka ne da na kwadago, kar ka kai su nan.

Batun doka kuwa, a Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin Bitcoin, ya janye a Disambar 2023 da sharuɗɗa, sannan dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari kuma ta haramta tsarin damfarar nan na ɗauki-nan-ba-can ƙarara. Don haka duk mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari ka tambaye shi rajistarsa da SEC, ka kuma duba da kanka a shafin hukumar kar ka yarda da hoton takarda.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne ina karanta kimiyyar kwamfuta a Kazaure, an bani kyautar Raspberry Pi 4 kuma wani malaminmu zai ara min na'urar haƙa ta USB. Na san ba riba, so nake in gane yadda abin yake aiki in rubuta a furojet ɗina. Gidanmu a ƙauye ne sola muke amfani da ita. Ta ina zan fara, me zan kiyaye?
Daga ɗalibi, Kazaure

Amsa: Yauwa, wannan tambayar ta faranta min rai, domin a nan ne 'yar kwamfutar take da amfani na gaske. Wanda ya haɗa wannan da hannunsa zai fito ya san Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da Pi, ya san yadda ake shiga kwamfuta daga nesa, ya san lissafin wuta, kuma ba wanda zai ƙara ruɗarsa da zancen mainin har abada.

Fara da duba wace na'ura ce malamin zai ara maka. In tsohuwar Block Erupter ce ta 2013, canka miliyan 333 take yi a daƙiƙa, sai ta yi sama da wata biyu kafin ta tara abin da ya kai satoshi ɗaya, amma don koyo ta isa kuma ba ta da cin wuta. In Compac F ce ko 'yar'uwarta NewPac to sai ka kula da maganar wuta sosai. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya soka ta kai tsaye a jikin Pi. Ramukan USB na Pi 4 duka huɗun in an haɗa amfiya 1.2 kawai suke iya bayarwa, ita kuwa Compac F ita kaɗai tana iya jan kusan 3, sai ka ga Pi tana ta mutuwa tana tashi ko na'urar ta ɓace daga lissafi ka rasa dalili. Dole ka nemi mahaɗar USB mai cajarta daban wadda kowane rami ke ba da wuta mai ƙarfi, na'urar ta sha daga can, Pi ta aika mata umarni kawai. Ita Pi ɗin ma ka ba ta caja ta ƙwarai mai bolt 5 amfiya 3, ba irin ta ɗari biyar ɗin bakin tasha ba.

Manhaja kuwa, sauke Raspberry Pi Imager a kwamfutar makaranta ka zuba Raspberry Pi OS Lite a katin mimori, wato wanda ba shi da hotuna sai rubutu, ka kunna SSH tun a wajen zubawa don ka dinga shiga daga wayarka ba sai ka nemi talabijin da allon rubutu ba. Sai ka harhaɗa cgminer, ita ce ke magana da na'urar. Za ka ci karo da sunan Kano a nan, don reshen cgminer da ake amfani da shi wa na'urorin GekkoScience na wani mai rubuta manhaja ne da ke amfani da laƙabin kano, har yana da gayyarsa mai wannan suna, to laƙabi ne kawai ba ruwansa da jiharmu, na faɗa ne don na san wani zai iya amfani da sunan ya ce kamfanin gida ne. Abu uku cgminer ke nema, adireshin gayya, sunanka a gayyar ko adireshin walet ɗinka wato asusun da kake ajiye Bitcoin, sai kalmar sirri wadda yawanci ko harafin x ka sa ya wadatar. Ka lura da kyau, adireshin karɓar kuɗi kaɗai ake sawa. Kalmomin nan 12 ko 24 da walet ke ba ka ranar buɗewa ba sa shiga Pi, ba sa shiga guruf, ba a ɗaukarsu hoto, a takarda ake rubutawa a ɓoye. Data ba za ta dame ka ba don saƙonnin da ake musaya da gayya ƙanana ne, abin da ake so sabis ya zauna ba yankewa. Amma kar ka ce za ka sauke dukan kundin Bitcoin a kan datar waya, ya haura gigabait 600.

Za ka ji ana zancen haƙar kaɗaici, wato ka ƙi shiga rabon gayya ka ce ko duka 3.125 ko babu. Ya taɓa faruwa 'yar ƙaramar na'ura irin Bitaxe ta ci shafi guda a 2024 da kuma 2025, shi ya sa labarin ke yawo. Yi lissafin a furojet ɗinka, mai biliyan 300 a daƙiƙa matsakaicin jiransa ya haura shekara 60,000. Ita Bitaxe ɗin ma ba ta buƙatar Pi, da wayafai ɗinta take zuwa. Wasu kuma za su ce ka bar Bitcoin ka haƙi Monero, wani kuɗin intanet daban, da Pi ɗin kanta ba wata na'ura, yana yiwuwa don Monero an tsara shi ne don kwamfutoci na gama-gari, amma ƙarfin Pi a nan bai taka kara ya karya ba, gwaji ne kawai.

Sai yanayinmu, wanda bayanan da za ka gani a intanet ba su san da shi ba don yawanci a ƙasashen sanyi aka rubuta su. A Afrilu da Mayu zafin Jigawa yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Pi tana rage gudunta da kanta in ta kai digiri 80, ita kuwa na'urar haƙa in ba fanka a kanta lalacewa za ta yi, kuma aro ce. Ka sa fanka tana hura ta kai tsaye, ka fara da ƙaramin gudu kana ƙara gudun a hankali kana kallon yawan kurakuran da cgminer ke nunawa, in sun fara hawa ka koma baya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba, in akwai shi a gidan can za ka kai. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana toshe tsakanin ƙarafan da ke fitar da zafi, duk sati ka kashe ka share da busasshen buroshi.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya ita ta fi kashe katin mimori, ni kaina na yi asarar kati biyu a haka kafin in koyi darasi, aikin kwana uku ya tafi. Tunda sola gare ku kar ka bi ta inbata, nemi 'yar na'urar da ke sauke bolt 12 zuwa 5 ka jona daga batir ta bayan kwantirola da fis a tsakani, ka huta da asarar wutar da inbata ke yi. In za ka kashe ka ba ta umarnin kashewa ka jira fitilar kore ta daina ƙiftawa kafin ka zare waya, kuma da zarar komai ya tashi daidai ka kwafi katin gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri. Don kar ka bar mutanen gida a duhu, saita ta ta dinga aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma kawai lokacin da rana ke da ƙarfi, Linux na da cron da ke yin wannan, shi ma wani babi ne a furojet ɗin.

In ka samu 'yar mitar nan ta USB mai nuna bolt da amfiya ka sa a tsakani, kullum ka rubuta wat nawa aka ci, zafi nawa, satoshi nawa gayya ta rubuta maka. Bayan sati biyu ka turo min teburin, ina so in buga shi a wannan fili yadda mai cajin waya na Ringim da yayan 'yar'uwarmu ta Gumel za su ga lambobin da aka auna a ƙauyen Jigawa ba a wata ƙasa ba. In ka mayar wa malam na'urarsa kuma kar ka jefa Pi ɗin a akwati, sa mata manhajar Kiwix ka zuba Wikipedia ta Hausa da ta Turanci, yaran unguwarku su dinga shiga da wayoyinsu ta wayafai ba tare da data ba.